Gajeren zango a cikin Zango: ina za a rataya eriya a gidan haya?

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san dattijon nan da ke zama a kan benci bayan sallar asuba, 'yar rediyonsa a cinya, ya zare sandar eriya har ƙarshe yana karkata ta dama da hagu har murya ta fito daga cikin shuuu. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma shekaru da yawa ta gajeren zango kaɗai suke iso mana. Sandar dattijon ba ta kai mita ɗaya ba. Shi ya sa idan na gaya wa matasan bes ɗinmu na ataya cewa ina neman wurin da zan miƙa waya mai mita 20, sai su yi dariya, su ce ai Baba da tsinke yake kamo London.

Gaskiyarsu ta wani gefen. Sai dai muryar da Baba ke ji ba da raɗa aka turo ta ba. Yawancin shirye-shiryen BBC da ke zuwa Afirka ta Yamma daga tsibirin Ascension ake harbo su, can tsakiyar tekun Atlantika, da injuna masu ƙarfin wat 250,000 da eriyoyi masu tsayin bene. Wanda aka yi wa ihu haka ko da toshe kunne zai ji. Ɗan rediyon sha'awa kuwa, wanda Turawa ke kira ham, ba sauraro kaɗai yake so ba. Yana so ya yi magana daga ɗakinsa a ji shi a Kano, a Italiya, a Brazil, da injin da yawanci bai wuce wat 100 ba, ƙarfin tsohon ƙwan fitila guda. A Ghana hukumar sadarwa ta NCA ce ke ba da lasisin yin haka, kuma lambar kiran duk wanda ya samu tana farawa da 9G, kamar yadda ta Najeriya ke farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Togo 5V. Babu lasisi, babu watsawa. Wannan ba abin ja-in-ja ba ne, don haka na wuce.

Tsawon waya ba ado ba ne

Mai garaya ya san cewa tsirkiya tana da muryarta. Doguwa ta ba da kauri, idan ya danne ta gajarta sai ta yi siriri. Waya ma haka take da igiyar rediyo: akwai tsawon da idan ta kai, wutar da ke kai da komowa a cikinta takan dace da bugun injin, kamar mai tura lilo daidai lokacin da lilon ya dawo hannunsa. Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka idan ka raba 300 da megahaz ɗin da kake kai (wato miliyan nawa igiyar ke bugawa a daƙiƙa), za ka samu tsawon zangon a mita. Megahaz 7 zai ba ka mita 40 da 'yan kai, megahaz 14 ya ba ka kusan 21, megahaz 28 ya ba ka 10 da 'yan kai. Daga nan sunayen suka fito: ɗan sha'awa zai ce maka jiya yana kan mita 40, yau ya hau mita 20.

Uwar eriyoyi ita ce daifol, waya mai rabin tsawon zango, a yanka ta biyu a tsakiya a haɗa kebul. Lissafinta 143 a raba da megahaz. Na mita 40 yana cin waya mita 20. Na mita 20 yana cin mita 10. Na mita 15 bai kai mita 7 ba, na mita 10 kuwa mita 5 kacal. Na mita 80, wanda ke son waya mita 40, a manta da shi a Zango. Yanzu ka fita tsakar gidanku ka auna da ƙafa. Gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu, tsakar gida cike da igiyoyin shanya, murhu, durom na ruwa, yara suna ƙwallo, kai kuma ciki da falo gare ka ko ma ɗaki ɗaya. Ina mita 20 za ta shiga?

Amsar da kasuwa ke bayarwa ita ce a gajarta. A ɗauki sanda mai mita biyu da rabi, a naɗa koyil a gindinta ya rama tsawon da ya ɓace, injin ya ga kamar cikakkiyar eriya ce. Injin kam yana ruɗuwa, amma iska ba ta ruɗuwa. Ga yadda abin yake. Wutar da ka tura wa eriya kamar tuwo ne a kwano ɗaya da hannu biyu a ciki. Hannu na farko shi ne rabon da ke fita sarari ya zama sigina. Na biyu shi ne rabon da ke zama zafi a cikin waya, a koyil, a mahaɗai masu tsatsa, a ƙasa. Ana auna girman kowane hannu da om, kuma kowa yana ci gwargwadon girmansa. A cikakken daifol hannun sigina ya kai om 73, na asara om ɗaya ko biyu, ka ga kusan duk tuwon ya tafi inda ake so. A sandar nan ta mita biyu da rabi a kan megahaz 7, hannun sigina ya ƙanƙance zuwa om ɗaya da rabi. Idan koyil da ƙasa suka haɗu suka kai om 15, abin da ba shi da wuya, daga wat 100 ɗinka ko 10 ba za su bar gida ba. Sauran ɗumama koyil kake yi, a garin da ba a neman ɗumi.

Masana sun daɗe da rufe wannan babi. Harold Wheeler a 1947 da Lan Jen Chu a 1948 sun nuna da lissafi cewa eriya ba za ta haɗa abu uku ba: ta zama ƙarama, ta fitar da ƙarfi sosai, kuma ta yi aiki a faffaɗan wuri ba tare da an sake daidaita ta ba. Biyu za ka samu, na uku ka biya da shi. Ina kawo wannan ne saboda tallan da ke yawo a intanet, na 'yar sanda mai tsawon hannu wai tana aiki daga megahaz 3 zuwa 30 ba taɓawa. Ƙarama ce, faffaɗa ce, to ka san da me aka biya.

Kuma kada awon SWR ya rufe maka ido. Awon nan yana gaya maka ne ko wuta tana komowa cikin injin, ba ya gaya maka inda ta tafi bayan ta fita. Ka ɗaura resista mai om 50 a bakin kebul, awo zai nuna maka 1:1, mafi kyawun da ake samu, alhali maƙwabcinka na bango ɗaya ma ba zai ji ka ba. Akwatin tiyuna shi ma sulhu yake yi tsakanin injin da kebul, ba ya ƙara wa waya ko taƙi. Na ga mutane sun kwana suna murnar awo ya sauka, ba su san asara ce ta sauke shi ba.

Sauya zango ya fi sauƙi a kan sauya gida

Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mini ba ta da daɗin ji, don babu abin saye a cikinta: kafin ka matse eriya, ka hau zangon da cikakkiyar eriyarsa za ta shiga gidanku. Mita 5 na waya ba ta gagari kowa ba. Mita 7 ma haka.

Mu kuma a nan mun yi sa'ar wurin zama. Gajeren zango yana zuwa nesa ne saboda akwai wani rufi a can sama, kilomita 200 zuwa 400, wanda hasken rana ke cajawa, sigina ta buge shi ta dawo ƙasa. Tsalle ɗaya na iya kaiwa kilomita 4,000, London da ke kusan kilomita 5,100 daga Accra tana son biyu. Iya cajin rufin nan, iya hawan megahaz ɗin da zai iya dawo da shi, kuma a yankin da ke kusa da tsakiyar duniya ya fi caji. Accra tana kan digiri biyar da rabi ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kumasi ba ta kai bakwai ba. Lokacin da ɗan Ingila ke kukan mita 15 ya rufe masa tun magariba a hunturunsu, mu sau da yawa yana nan buɗe har dare. Rana ma tana da nata zagayen na kusan shekara 11. Wanda muke ciki, na 25 a ƙirga, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwa. Zai riƙa sauka, mita 10 zai fara yin rowa, amma mita 15 da 20 ba za su bar mu a hanya ba.

Akwai wani abin kuma da ba a cika faɗa ba. Masu lambar 9G ba su da yawa, kuma 'yan sha'awa na duniya suna tara ƙasashe ne kamar yadda yara ke tara hotunan 'yan ƙwallo. Mutumin Jamus ko Japan da ke da hasumiya da eriya mai hannuwa biyar shi zai juyo da ita wajenka, ya kasa kunne. Kunnensa yana rama raunin bakinka. Idan eriyarka ta zubar da rabin ƙarfi, desibel 3 ke nan, rabin mataki ɗaya a ma'aunin injinsa, da ƙyar zai lura. Asarar da ke kashe mutum ita ce ta kashi tara cikin goma.

Idan wayar ta ɗara wurin da kaɗan, lanƙwasa ta. Yawancin aikin daifol a tsakiyarsa yake, inda wuta ta fi gudu, bakunan nan biyu ba su fitar da wani abin kirki. Ka miƙe tsakiya, ka ɗaga shi iya iyawarka, ka bar wutsiyoyin su sauko ko su karya kwana su bi katanga. Gora ɗaya a tsakiya, hannuwa biyu su gangaro kamar rufin bukka, shi ne ake kira V a kife, kuma ya fi dacewa da wanda madogara ɗaya gare shi.

Tsayi shi ke yanke inda muryarka za ta sauka. Daifol da ke ƙasa-ƙasa sama yake harbawa tsaye, ta dawo kusa, kamar ka jefa dutse bisa kanka. Wannan ba aibi ba ne idan Kumasi ko Tamale kake nema a kan mita 40. Amma don ƙetare teku ana son sigina ta fita a kwance, kuma hakan na samuwa idan waya ta kai rabin zango daga ƙasa: mita 10 ga mai zangon 20, wato saman bene mai hawa uku, mita 5 ga mai zangon 10, wato gora ɗaya mai kyau. Ka ga nan ma ƙaramin zango ya sake yi wa talaka rangwame.

Rufin kwano

Yawancin abin da za ka karanta a kan ɓoye eriya mutanen Amurka da Ingila ne suka rubuta, kuma matsalarsu daban. Su dokar unguwa ce ke hana su kafa ƙarfe a waje, sai su shimfiɗa waya a cikin silin, ƙarƙashin rufin katako da tayil, sigina ta ratsa ta wuce. Ka gwada haka a Sabon Zango ka gani. Rufinmu kwano ne, kuma kwano madubi ne ga igiyar rediyo. Eriya a ƙarƙashinsa kamar fitila ce da aka kife da tukunya. Benen kankare ma bai fi ba, don cike yake da rodi. Ko a saman kwanon, idan ka kwantar da waya dab da shi, hoton da yake mayarwa yana soke siginar, sai ka ɗaga ta aƙalla rubu'in zango kafin ta yi numfashi.

Amma abin da ya hana kwanciya shi ke taimakon tsayuwa. Eriyar tsaye mai rubu'in zango rabin daifol ce kawai, tana neman wani faffaɗan ƙarfe a gindinta ya zama ɗaya rabin. Ga shi Allah ya ba mu, faɗin gida guda. Sanda ko waya mai mita 5 ga zangon 20, mita uku da rabi ga zangon 15, mita biyu da rabi ga zangon 10, a tsayar a kan rufi, cibiyar kebul ta kama sandar, sulkensa ya kama kwano. A gani na babu eriyar da ta dace da gidajenmu kamar wannan: ba ta cin tsakar gida, tana harbawa a kwance, kuma daga titi ba ta fi sandar talabijin jan ido ba. Sandar kamun kifi ta faiba da waya a jikinta ta isa, amma ba baƙar nan ta kabon ba, don ita tana ɗaukar wuta.

Aibinta ɗaya, kwanon da ya tsufa ba jiki ɗaya ba ne. Falle-falle ne da ƙusa, tsatsa a tsakani, yau sun haɗu gobe iska ta raba su, awo ya riƙa rawa. Maganin shi ne kada ka dogara da shi kacokan: ka shimfiɗa wayoyi huɗu daga gindin sandar, kowace tsawon sandar, su bazu a kan rufin. Kuma kafin ka hau da doguwar sanda a hannu, ka ɗaga kai ka ga inda wayoyin ECG, kamfanin wutar lantarki, suka bi. A lungunanmu wasu dab da rufi suke wucewa. Idan sandar za ta iya taɓa su in ta faɗi, wurin bai yi ba, ko da shi kaɗai ne.

Wanda ke hawa na biyu ko na uku, da taga da ke kallon bishiyar darbejiya ko ƙarfen tankin ruwa, yana da wata hanyar: waya mai rabin zango da ake ciyarwa daga baki ɗaya maimakon tsakiya. Bakin nan yana da tauri, kusan om 2,500, saboda haka ana sa masa 'yar taransifoma mai 49:1 da ake naɗawa a zoben ferait. Daɗinta, mita 20 na waya zai yi maka zangon 40 da 20 da 15 da 10 gaba ɗaya, mita 10 kuma ya yi 20 da 10. Siririyar waya baƙa ba mai ganinta daga ƙasa. Sai dai a wat 100 bakinta yana ɗauke da bolt kusan 500, yana ƙuna. Shi ya sa dabarar nan da wasu ke yabawa, ta mayar da igiyar shanya eriya, a gidan mutum ɗaya take dabara. A gidanmu da Mma za ta fito da jiƙaƙƙen zane ta yafa a kan duk abin da ya yi kama da igiya, ganganci ce.

Zoben tagulla

Sai wanda ba shi da rufi, ba shi da bishiya, baranda kawai gare shi. Nasa shi ne zobe: bututun tagulla a lanƙwasa shi da'ira mai faɗin mita ɗaya, a haɗa bakunansa da kafasita mai juyawa wadda ake daidaita zoben da ita, a sa wani ƙaramin zobe mai kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa a ciki, shi ne kebul ke kamawa. Ina son eriyar nan, amma ina so a san ta kafin a aure ta.

Hannun sigina a zobe ƙanƙane ne ƙwarai. A megahaz 14 kusan kashi ɗaya cikin goma na om ɗaya ne. Ke nan duk wata asara, ko ta ƙwayar gero ce, ta zama abokiyar gaba. Da bututu mai kaurin milimita 22 da haɗi mai tsabta, lissafi yana ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfi ya fita, abin da ba laifi. Ka sauko megahaz 7 da zoben nan dai, hannun sigina ya ragu sau 16, abin da ke fita bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ka hau 21 ko 28 kuwa, kusan duka yake fita. Zobe mai mita ɗaya eriyar mita 20 zuwa 10 ce, duk wanda ya ce maka ta mita 40 ce, yana nufin za ta yi, ba za ta yi kyau ba.

Me ya sa bututu, ba waya ba? A irin wannan gudun wuta ba ta shiga cikin ƙarfe, a fatarsa take tafiya, zurfin da bai kai kashi biyu cikin ɗari na milimita ba. Cikin bututu banza ne, faɗin bayansa ake nema. Masu gyaran firiji da AC suna da irinsa. Kusoshi da noti a mahaɗa su ne ɓarayin, a yi musu dalma ko walda. Kafasita ita ce tsadar: a wat 100 bolt dubu huɗu zuwa biyar ne ke taruwa a kanta, irin ta tsohuwar rediyo da za ka tsinta a Zongo Lane za ta yi tartsatsi tun ba a je ko'ina ba. Da ita sai ka tsaya a wat 5 ko 10. Kuma ba a zama kusa da zobe yana aiki, ba a barin yaro ya matso. Abin da aka biya a nan shi ne faɗi: ka matsa kilohaz 10 ko 20 sai ka tashi ka sake juya kafasita.

Wannan ƙuncin ya ragu tun 2017, lokacin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, da Steve Franke suka fito da FT8. Kwamfuta ce ke aika gajeren saƙo a kowace daƙiƙa 15, kuma tana tsinto siginar da kunnen mutum bai ma san tana nan ba. Kowa a wuri ɗaya yake taruwa, megahaz 14.074 ko 21.074 ko 28.074, sai ka daidaita zobe sau ɗaya ka zauna. Ni dai ban ɗauke shi hira ba. Gaisuwar injuna ce, babu ina kwana, babu ya iyali. Amma a matsayin ma'auni ba shi da na biyu: ka yi kira na minti goma, ka buɗe taswirar shafin PSKReporter a intanet, ka ga ƙasashen da suka ji ka. Ka ɗaga eriya da mita ɗaya ka sake gwadawa. Wannan ya fi duk wata gardamar bes.

Abin da ya fi ƙarancin wuri ciwo

Ka iya gyara duk abin da na lissafa, a ji ka a Turai, kai kuma ba ka jin kowa. Wanda ke zaune a cunkoso ba bakinsa ne ya fi ba shi wahala ba, kunnensa ne. Cajar waya ta araha, ƙwan LED, inbata, na'urar cajin sola, talabijin, injin mai walda na bakin titi, kowanne yana zuba ƙara a gajeren zango, kuma a gida mai ɗaki goma sha biyu ka ƙirga caja nawa ke jikin bango da dare. Wanda ya riski shekarun dumso, wato na yawan ɗauke wuta, musamman 2015, da rediyo mai batir ya san abin da nake nufi: ana ɗauke wuta sai zango ya yi tsit, tashoshin da ba ka taɓa ji ba su fito fes, har sai janaretoci da inbatoci sun tashi.

Gwajin ke nan ma. Ka sa injin a batir, ka kashe wutar ɗakinka gaba ɗaya. Idan ƙara ta faɗi, ɓarawon na cikin ɗakinka, ka mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi. Idan ba ta faɗi ba, na maƙwabta ne, sai lallashi, wani lokaci ka saya wa mutum caja mai kyau da kuɗinka ya fi maka arha. Sau da yawa kuma ba eriya ce ke kwaso ƙarar ba, bayan kebul ne, yana bi ta jikin bango kusa da wayoyin gida yana tattarowa. Ka naɗa kebul ɗin sau goma a babban zoben ferait a gindin eriya, ka sake wani a bakin injin. Af, kebul ɗin dish da ke ko'ina, mai om 75, yana aiki da daifol lafiya lau, ba sai ka jira an kawo maka mai om 50 daga waje ba. A wajen ji, zobe yana da wata baiwa: akwai gefen da ba ya ji sam, sai ka juya wannan kurman gefen ya kalli inda ƙarar take. Akwai masu magana da sandar rufi, su saurara da zobe.

Ƙarar tana tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. Wata magariba ina tsakiyar kira sai ga yaro da gudu, wai Alhaji mai gida yana nemana. Na tarar da shi a ƙofar masallacin lungu, fuska ba walwala.

"Ɗana, me kake kunnawa a ɗakin nan? Liman yana karatu, lasifika tana gunaguni kamar an shaƙe akuya."

"Baba, a yi haƙuri, laifina ne. A ba ni zuwa gobe."

Doguwar wayar da ta tashi daga amfilifaya zuwa lasifikar saman masallaci ita ma eriya ce, ta kamo muryata ta kai wa injin. Zoben ferait biyu a kan wayoyin, na rage ƙarfi zuwa wat 30, magana ta mutu. Amma tun ranar ba na taɓa makirfo daga kiran salla zuwa sallama. Da na yi gardama a ranar, ina da lasisi ina da hujja, da sandar ta sauko kafin isha'i.

Tambayar da Alhaji ya fara yi mini tun ranar da na nemi izinin hawa rufi ita ce ko abin ba zai jawo mana aradu ba, kuma tambaya ce ta mai hankali. Hadarin Afrilu zuwa Yuni ba ya sallama. Babu wata 'yar na'ura da zan amince mata ta tare tsawa, abin da na sani shi ne a cire kebul daga injin a fitar da bakinsa waje duk lokacin da aka tashi daga aiki, ba sai an ji rugugi ba. Hunturu ma da nasa: busasshiyar iska mai ƙura tana goga waya ta tara mata caji har ka ji ƙyas-ƙyas a bakin kebul, resista mai om dubu ɗari ko fiye daga eriya zuwa ƙasa tana zubar da shi a hankali. Sai gishirin teku, wanda mutanen Kumasi suka huta da shi. A Accra mahaɗar da aka bari tsirara takan yi kore kafin damina biyu, kuma ka tuna tsatsa hannu ce a cikin kwanon tuwo. A naɗe kowace mahaɗa da tef mai kama jikinsa, a buɗe a duba bayan kowace damina.

Tekun da ke cin mahaɗa kuwa shi ne ƙasa mafi kyau da eriyar tsaye za ta samu, don ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da busasshiyar ƙasa nesa ba kusa ba. Ranar da ƙarar gida ta ishe ni, nakan naɗe sandar kamun kifi, waya mita 5, wayoyin gindi huɗu, batir da takardar lasisi a jaka, in hau trotro zuwa Kokrobite da sassafe, in kafa sandar a jiƙaƙƙen yashi inda igiyar ruwa ke tsayawa.